Ƙungiyoyi na yin rajista, ranar gasa kuma ba sa zuwa

Assalamu alaikum. Mu ɗalibai ne, dukanmu ba mu kai shekara 18 ba. Muna shirya gasar ƙwallon kwando ta uku-uku domin tara kuɗin da za mu aika wa yaran Sudan da yaƙi ya raba da gidajensu, ta hannun UNICEF.

Sau biyu ke nan abu ɗaya yana kwance mana lissafi. A gasar ƙarshe ƙungiya 16 suka rubuta suna, 9 suka zo. Jadawalin da na kwana ina tsarawa ya wargaje tun kafin a jefa ƙwallon farko. Alƙalin wasa na tsaye da usur a wuya, yara uku sanye da rigunansu suna ta leƙen ƙofa, abokan karawarsu shiru. Kuɗin hayar fili ya lashe kusan duk abin da muka tara, abin ya yi mini ciwo matuƙa.

Mun tura tunatarwa ta WhatsApp, sun karanta, ba amsa. Da muka ce a biya kuɗin shiga lokacin rajista, sai ƙungiya 5 kacal suka rage. Yawancin 'yan wasan ba su da asusun banki, iyaye kuma na ɗari-ɗarin tura kuɗi hannun yara, ban kuma ga laifinsu ba.

Don Allah, ta wace hanya za mu karɓi kuɗin rajista tun kafin ranar gasa, wadda iyaye za su aminta da ita?