Malamata ta ce kada in haɗa Chopin da waƙar Chaina, saura mako 3

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina cikin damuwa. Shekarata ta 3 ke nan ina karatun likitanci a Nanjing, ƙasar Chaina. Fiyano a situdiyon yayana na koya, a Kano, tun ina aji 2 na sakandare. In an tashi aiki sai in zauna gaban Yamaha ɗinsa, wadda ta rasa maɓalli ɗaya yana liƙe wurin da salatif, ina lalubar kiɗa da kunne har a kira isha'i. Ban san nota ko ɗaya ba. Da na zo nan na ga fiyano na katako mai maɓalli 88, ranar ko abinci ban ci ba. Daga kuɗin cefanena nake biyan wata malama duk Asabar, yanzu shekara 2.

An ba ni minti 5 a bikin sabuwar shekara na makaranta. Ina so in buɗe da Nocturne (wato kiɗan dare) ɗin Chopin, shahararren mai tsara kiɗan fiyano ɗan Poland, mai lamba 2, ta E-flat, daga nan in gangara cikin waƙar farin wata ta Teresa Teng, mawaƙiyar Taiwan, wadda ta fito da ita a 1977. Da na kaɗa wa malama sai ta rufe murfin fiyanon, ta ce in zaɓi ɗaya. Ni ma na ji wurin haɗin yana tuntuɓe. Ya zan yi?

Tsohon Wuhan: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye Chopin. Shekara 7 na yi a ƙasar nan, na san zaurensu. Baƙar fata ya hau dandamali ya taɓa waƙar Teresa Teng, kafin ka kai amshi zaure ya ɗauka, har tsofaffin farfesoshi. Chopin kuwa yara 'yan shekara 9 na kaɗa shi a can. Ƙasar da Li Yundi ya ciyo mata gasar Chopin a 2000 yana ɗan shekara 18, ita za ka kai wa Chopin?

Mai tambaya: Yaya, ba don in burge su ba ne. Wata 5 na yi a kan hannun hagun waƙar nan kaɗai. Ba zan iya ajiye ta ba.

Mai Kibod: Tuntuɓen da kake ji daga bugu yake. Nocturne ɗin 12/8 ce, kowane taku kashi 3, tana lilo. Ta Teresa Teng 4/4 ce, kai tsaye take tafiya. Ka mayar da ita ki ɗin E-flat, wato matakin sautin Nocturne ɗin, ka bar hannun hagu a lilon Chopin, bas (sautin ƙasa) ɗaya, kod (maɓallai a haɗe) biyu, ka ɗora muryar waƙar a kai. Turo mana abin da ka ɗauka mu ji. Kuma ka iya Nocturne ɗin har ƙarshe, ko rabi ne?

Tsohon Wuhan: Duk wannan lissafin ba ya cika zaure. In ma haɗin yake so, Jay Chou, mawaƙin nan na Taiwan, ya riga shi. A 2005 ya fitar da faifai da sunan Chopin a jikinsa, a 2007 ya yi fim ɗin Secret mai gasar fiyano, inda suka juya kiɗan Chopin na baƙaƙen maɓallai. Wannan kowane ɗalibi ya san shi. Ka kaɗa shi kawai.

Mai Kibod: Yallaɓai, wannan kiɗan gudu ne da shi, ba na mako 3 ba ne. Amma baƙaƙen maɓallan abin lura ne: sauti 5 suke bayarwa, irin wanda kiɗan gargajiyar Chaina ya ginu a kai, kuma yawancin namu na gida haka yake. Shi ya sa waƙoƙinsu ke shiga kunnen Bahaushe da wuri. Ni dai abin da ya fitar da ni daga harkar kiɗa, na yi wa wani mai situdiyo kiɗa 14 a wata guda, da yunwa da rashin wuta, aka saki waƙoƙin ko sunana babu. Har yau ban ga sisi ba. Allah ya isa.

Anti Guangzhou: Ɗana, likitanci aka turo ka. Jarrabawa na nan tafe a Janairu. Ɗan ƙanwata haka ya biye wa ƙwallo, tallafin karatunsa ya tafi, ni na biya masa kuɗin jirgi daga jarin atamfata. Uwarsa har yau ba ta ce min sannu ba. Mahaifinka ya san da kuɗin malamar nan?

Mai tambaya: Anti, ban taɓa faɗuwa kwas ba wallahi. Kiɗan nan shi ke riƙe ni a sanyin ƙasar nan.

Ɗalibar Beijing: Kada ka raina malamarka. Mai yiwuwa hannunka ta ji bai nuna ba, haɗin ba ya damunta. Lang Lang ma, shahararren makaɗin fiyanon Chaina, ya yi faifan kiɗan Chaina a 2006, ya kaɗa a finafinai, ba wanda ya hana shi. Ka tambaye ta me ta ji. Kuma takardar waƙar taka ta lambobi ce, wadda suke kira jianpu? In ita ce, murya kawai ta ba ka, hannun hagu kai za ka gina shi.

Tsohon Wuhan: Malaman nan duk haka suke, abin da aka koya musu shi ne addininsu. Ƙanena, ji tawa. Teresa Teng, ka ƙara da gaisuwa da Sinanci, ka sauka.

Mai tambaya: Na gode duka. Eh, ta lambobin ce. Amma ni har yanzu ina jin waƙoƙin nan biyu dare ɗaya suke magana a kai, ban ga dalilin raba su ba. Mai Kibod, in na bar lilon a hagu, amshin ba zai ja da yawa ba? Minti 5 ne fa kawai. Kuma Asabar ɗin nan, in je wurin malamar ko in bari sai bayan bikin?