Ina ake kai yara shan iska a Agadas?

Maman Ikram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, an maido maigidana aiki Agadas daga Damagaram wata huɗu kenan, ga bakans (hutun makaranta) ya shigo yara uku suna gida tun safe har dare, babban shekara 10 ƙaramar 4, in ba tele ba sai rigimar waya, waje kuma rana ba a magana. Wlh tausayi suke ba ni. Akwai inda ake kai yara su yi guje-guje su sha iska ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba?

Abzinawa227:
Wa alaikumus salam Maman Ikram, barka da zuwa garinmu. Gaskiya in lilo da su shillo kike nema irin na manyan birane kada ki sa rai sosai, mu nan filin wasanmu rairayi ne. Abin da za ki fara kamawa shi ne lokaci, daga ƙarfe 11 zuwa la'asar ba a fidda yaro, amma da an yi la'asar rana ta yi sanyi ku ɗauki tabarma da ruwa da ƙwallo ku nufi bakin koramar Telwa wajen garake, yashi ne mai laushi yaro ko ya faɗi ba ya jin ciwo, ga inuwar dabino, masu garka kuma in kun gaishe su da mutunci suna barin yara su ga yadda ake ban ruwa. Mu can muka girma, har yau in na kai nawa sai da kuka muke dawowa.

Hajiya Tsohon Gari:
Ɗiyata ki ji wannan da kyau tunda damina ce. Kada ki yarda yara su zauna tsakiyar korama a watan Agusta ko da sama fes take, ruwan a kan duwatsun Abzin yake sauka, ku nan ba ku ga ɗigo ba sai dai ku ji ƙugi ya taho da ƙarfi. Ku tsaya bisa gaɓa. Sannan takalmi a ƙafa in magariba ta kusa saboda kunama.

Ni dai da safe nake kai jikokina tsohon gari, su ga babban masallaci da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, tun wajen 1515 aka fara gina ta, a 2013 UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya. Babban naki zai iya hawa da ubansa in an ba su izini, amma matakalar matsattsiya ce ga duhu, 'yar shekara 4 ɗin ta zauna ƙasa tare da ke. Daga nan ku biya kasuwar dabbobi su ga raƙuma ido da ido.

Direban Kat-kat:
Ku je garin Timiya cikin duwatsun Abzin mana hajiya! ruwa na zubowa daga dutse, ga lemu ga rumman a tsakiyar sahara, yara ba za su manta ba.

Abzinawa227:
Malam Timiya ta wuce kilomita 200 fa, hanyar duk dutse ce, ga damina ga maganar tsaro, ba tafiyar yini ɗaya da ƙaramar yarinya ba ce. Su bari sai sanyi ya shigo lokacin lemu, kuma su tambayi hukuma halin hanya kafin su tashi. Ko bikin Ingal na watan Satumba da ake tseren raƙuma ma haka zan ce, a tambaya tukuna.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya maganar korama ta tsorata ni wlh, da ban sani ba da tsakiyar yashin za mu shimfiɗa tabarma. Jumma'a in sha Allah bayan la'asar za mu gwada wajen garaken, adaidaita na kaiwa har can ko sai mun nemi mota?