Zaɓen amfilifaya don faifan garmaho

Masu ba da shawara sun yi ittifaƙi cewa a fara duba ko amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tana da mashigar phono, wadda aka keɓe don jona garmaho, domin siginar da allura ke ɗaukowa daga faifai 'yan milibolt ce kawai, wato mai rauni ƙwarai, kuma sai an gyara ta bisa ma'aunin RIAA, wato ƙa'idar daidaita sautin faifai, kafin kaurin sauti ya fito. Da yawa sun yaba tsofaffin amfilifayoyin kamfanonin Pioneer da Sansui na shekarun 1970, amma kafasitocinsu, wato sassan da ke adana wuta a ciki, kan bushe, wasu har su kumbura, saboda haka wajibi ne a canza su. Gargaɗin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na wuta: wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take ci, a inda wutar ta fi haka ƙarfi sai da taransifoma. Idan lasifika na gurnani, yawanci wayar ƙasa (earth) da ke haɗa garmaho da amfilifaya ce ba a ɗaure ba.