Sabon malami ne ni, an jibga min ayyuka bayan koyarwa, ku ya kuke yi da lokacinku?

Abu_Kimiyya:
Salamu alaikum malamai manya da ƙanana. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga aikin nan. Bana aka ɗauke ni koyarwa aka tura ni wata sakandaren kwana ta maza, Kemistiri na karanta kuma shi aka ce in koyar daga SS1 zuwa SS3, to da na je sai na tarar babu malamin Fiziks tunda ɗan bautar ƙasan da ke riƙe da shi ya gama ya tafi, sai mataimakin firinsifal ya ce in ɗan riƙe musu kafin a turo wani, har yau shiru. Bayan wannan an ba ni fom masta na aji ɗaya, an sa ni mataimakin hawus masta, jiya kuma a mitin aka ce ni zan kula da kulob ɗin JETS, wato na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, tunda ni ne ƙarami cikin malaman sayans. Ga diyuti in satinka ya zagayo, tun tashin asuba har firef ɗin dare, wato karatun da yara ke yi da daddare, kana tsaye.

Ni kuma tun ina yaro babu abin da nake so kamar kiwon tattabaru, ina da su a gida, yanzu ƙanena ke zuba musu gero da ruwa, in na je ƙarshen wata sai in tarar 'yan shila sun mutu ko wasu sun bi na maƙwabta. Wallahi abin yana damuna. Shin ya dace in je in roƙi firinsifal a rage min, ko sabon malami ba ya faɗin haka? Kuma ku da kuka daɗe, akwai wanda ya iya riƙe abin sha'awarsa tare da aikin nan ko dole sai an haƙura?

Baba_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a aikin. Jogirafi na koyar har na ajiye aiki, kuma yawancin shekaruna a makarantun kwana na yi su. Ka raba kayan nan gida biyu. Fiziks ɗin shi ne abin da za ka je ka yi magana a kai, cikin ladabi, ba don gajiyarka ba, don yaran, saboda su ne za su zauna WAEC da NECO kuma wanda ke son likitanci ko injiniya sai ya rubuta Fiziks a JAMB, riƙon ƙwarya ba zai kai su ba. Ka rubuta takarda ka bi ta hannun shugaban sashenku don a samu abin nunawa ofishin shiyya.

Amma kulob da hawus kar ka yar da su. Tsofaffin makarantu irin su Barewa ta Zariya da Rumfa ta Kano da kwalejin gwamnati ta Keffi ba aji kaɗai ya gina su ba, malamai a cikin makaranta suke zaune, da la'asar kowa yana da inda ake samunsa, wannan filin ƙwallo, wannan gonar makaranta, wancan yana koya wa yara muhawara. Ni abin sona lambu ne da lura da yanayi, sai na kafa ma'aunin ruwan sama a bayan ofis, duk safiyar da aka kwana da ruwa yaro biyu za su je su juye a silinda su karanta su rubuta a littafi kafin asambili, ƙarshen damina mu zana jadawali a allo, yaran da ba sa buɗe baki a aji a nan na fara jin muryarsu. In an ba ka gida a kwatas ka kawo tattabarunka, ka rataya musu tukwane a bayan gida, sai dai ka tsare su a ɗaki na ɗan lokaci ko ka rage musu fiffike, in ba haka ba gidanku za su koma. Malamin Agirik da na Bayoloji za su gode maka.

Sani_Lissafi:
Baba ranka ya daɗe ina girmama maganarka amma zamaninku daban namu daban. Ku an ba ku gida mai kyau albashi yana kai wata. Mu yanzu mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne, kowa ya san abin da buhun shinkafa ya kai, to malamin da zai tashi daga aji ya wuce lesin ko shago ko gona don ya ciyar da iyali yaushe zai tsaya gasar intahawus har magariba kuma ko sisi ba a ƙara masa? A ranar malamai ta 2020 an yi alƙawura, na ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ko shekara 40 ta aiki dai an sa wa dokarsa hannu a 2022, amma sabon tsarin albashin da aka ambata ni ban gan shi a aljihuna ba. Ni ɗan ƙwallo ne, na yi wa makarantarmu gems masta da zuciya ɗaya, da kuɗina nake sayen fito da bandeji, ranar da yaro ya karye a fili ni kaɗai iyaye suka sa a gaba babu wanda ya tsaya min. Malam Abu duk aikin da aka ba ka ka ce a ba ka a rubuce, kuma ka sani sabon malami mai kunya shi ake ɗora wa abin da tsofaffi suka gudar.

Malama_Umman_Khalil:
Malam Sani gaskiyarka kan maganar a rubuce, amma kar mu kashe wa yaron nan gwiwa tun yanzu. Ƙanina Abu nima Kemistiri nake koyarwa a makarantar 'yan mata kuma ni ce uwar ɗaya daga cikin hawus ɗinmu, in yarinya ta tashi da zazzaɓi ko ciwon mara ƙarfe biyun dare ƙofata ake bugawa, ga nawa yaran ga girki, ɗinki da nake so keken ya fi wata a rufe, sai hutu nake buɗe shi in yi na sallah. To amma JETS ita ce ta hana ni gajiya da aikin. Ba sai kana da kayan lab masu tsada ba. Ka sa su jiƙa zoɓo su tace, ka jera kofuna masu haske, wannan a matsa lemon tsami wannan a zuba ruwan kanwa ko ruwan toka, na tsamin zai ƙara ja ɗayan kuma ya juye ya koma kore-kore, ranar da na fara yi musu ihu suka sa har malamar ajin kusa ta leƙo, daga nan in ka zo taitireshin da buret, wato gwajin ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani ta bututun awo har launi ya canza, ba sa tsoro don sun riga sun ga yadda launi ke canzawa da idonsu. Muna haɗa sabulu kuma, ranar ziyarar iyaye mu sayar, kuɗin mu sayi kayan wani gwajin. Awa ɗaya a sati ta ishe ka in ka zaɓi shugaba mai hankali a 'yan SS2, kar ka ba 'yan SS3 don hankalinsu na kan jarrabawa.

Mushe_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan a kolej da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, Fizik da Shimi (Fiziks da Kemistiri) darasi guda ne malami guda ke koyar da su, haka Tarihi da Jogirafi, amma fa tun wajen horo haka aka shirya mutum, ba wai a tare shi a ƙofa a ce riƙe ba. Kuma akwai ma'aikata daban masu kula da makara da ladabtar da yara, ba duka ke kan malamin aji ba. Damuwarmu ta 'yan kwantiragi jinkirin biya ne. Ni dara nake bugawa da yamma, na koya wa wasu 'yan ajin BEPC, wato masu shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, masu tsoron lissafi ma suna zuwa.

Abu_Kimiyya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba in sha Allahu Litinin zan kai takardar Fiziks ɗin ta hannun shugaban sashe, Malam Sani zan nemi a rubuta min sauran. Anti don Allah sabulun nan da wane mai kuke yi, kuma yara kike bari su taɓa sodar da ake haɗa shi da ita, wato kostik soda?

Malama_Umman_Khalil:
Man ja ko man ƙwaƙwa, wanda ya fi sauƙi a kasuwarku. Sodar kuwa a'a, ni nake jiƙa ta da kaina tun jiya a bokitin roba, kar ka kuskura ka sa a tukunyar dalma tana cin ta, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali ba ruwa a kan soda ba don tana ɗaukar zafi sosai. Yara su sa safar hannu su tsaya a juyawa da zubawa a mazubi, ka ajiye bokitin ruwa kusa saboda fallatsi, ragowar kuma ka kulle a sito makullin yana hannunka.