Wane agogon auna bugun zuciya zan saya wa Baba?

Maman Ilham: Salam jama'a. An sallamo Baba ranar Talata bayan ciwon zuciyar nan, likita ya ce ya fara ɗan tattaki amma wallahi tsoro muke ji, ko banɗaki zai shiga sai an bi shi. Yaya ya ce a saya masa agogon nan mai auna bugu, wanne ne mai kyau don Allah?

Abban Sadik: Allah ya ƙara sauƙi

Anti Bilki: Amin. Maman Ilham tsaya ki ji nawa kafin ki zubar da kuɗinki. Bayan haihuwata ta huɗu zuciyata ta kumbura, ƙafafu suka yi suntum, in na kwanta numfashi ya sarƙe sai na jera filo uku. Maigida ya sayo min agogo a kasuwa, mai shagon ya rantse yana auna bugu da hawan jini har da suga. Kullum 78 yake nuna min, ƙirjina na ta fat-fat amma ina duba agogo ina cewa lafiyata ƙalau, har na ƙi komawa asibiti ranar da aka ba ni. Ran da ƙanwata ta ɗaura shi a jikin gorar ruwa ya sake nuna 78 zama na yi na yi ta kuka. Da na koma sai likita ya manna min Holter, ƴar na'ura ce mai wayoyi a ƙirji, awa 24 da ita kike yini da ita kike kwana, ba wanka, kina rubuta duk lokacin da kika ji faɗuwar gaba. Ita ta kamo bugun da yake tsallake.

Ɗan Fagge: Jabu aka ba ki Anti. Wasu agogunan Apple Watch da Samsung na asali suna ɗaukar ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya, sai dai layi 1 ne, na asibiti 12. Su Apple da kansu sun ce ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Maganar suga kuwa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ja kunne a 2024 kar a yarda da agogon da ya ce yana aunawa ba a huda fata ba.

Hajiya Babba: Bilki kin yi wankan jego kuwa?

Anti Bilki: Na yi Hajiya, har da kunun kanwa, shi likita ya fara hana ni

Hajiya Babba: Iyayenmu da kakanninmu duk sun sha fa

Maman Twins: Hajiya tun shekarun 1970 likitocin Zariya suke rubutu kan kanwar nan da zuciyar masu jego, gishiri ce, ruwa take tarawa a jiki.

Hajiya Babba: To Allah ya kyauta

Malam Auwal: Ku dawo kan Baba. Ku nemi likitansa ya tura ku sashen gashin ƙashi da motsa jiki, Asibitin Malam Aminu Kano suna da shi, su za su tsara masa gwargwadon ƙarfinsa. Mahaifinmu da minti 5 ya fara a tsakar gida. In yana tafiya yana iya hira da ku to daidai, in magana ta fara yankewa ya zauna. Sun koya masa ya ja iska ta hanci ya ƙirga 2, ya tsuke baki ya fitar ya ƙirga 4. Ciwon ƙirji ko jiri ko gumi mai sanyi kuwa kar ku tsaya duba agogo, mota kawai.

Abban Sadik: Ya sa takunkumi in zai fita asuba, hazon nan ba sauƙi

Maman Ilham: Na gode sosai. Magi fa, a daina saka masa gaba ɗaya ne? Don jiya ture miyar ya yi ya ce ba zai ci ba