Yaya za mu gyara sashen Hajiya ba tare da ya koma kamar asibiti ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta haura shekara 75, kuma ciwon gwiwa ya sa tsugunno a banɗaki da tsallake dokin ƙofa sun zame mata wahala. Ta ce ba za ta bar gidan da ta yi zaman aure a cikinsa ba, kuma ba ta son ɗakinta ya rasa kyansa. Ina neman shawararku.

Magini: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku fara da banɗaki, domin santsin ruwa yana yawan kayar da tsofaffi. Ku sa masai na zama mai tsayin kimanin santimita 45, da tayil mai kaushi, da ƙarfen riƙo da aka kafe sosai cikin bango. Ku fasa dokin ƙofa, ku faɗaɗa ƙofar zuwa santimita 90 saboda keken guragu. Idan akwai matakala, ku mayar da ita gangara, kowane santimita 1 na tsayi ya sami santimita 12 na tsawo.

Wata 'yar'uwa: Mu mun gina wa kakarmu ɗan dakali kusa da famfo, tana alwala a zaune. A soro kuwa katako mai sheƙi muka sa na dafawa da hannu, har baƙi suna ɗaukarsa ado ne. Don Allah ku bar Hajiya ta zaɓi fenti da labule da kanta.

Wani ɗan'uwa: Kada ku manta da fitilar sola tsakanin gado da banɗaki, saboda tashin asuba.