Glucosamine ga mai ciwon suga da borin jini: akwai haɗari?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ciwon suga, in ta ci jatan lande jikinta ya yi bori. Za ta iya shan glucosamine, ƙwayar nan da ake sha don ciwon gaɓoɓi?

Hajiyar Farmasi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Yawanci da ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake yin sa. Abin da ke tayar da borin yana cikin tsokar, amma ragowarsa kan iya shiga. A nemi wanda aka yi da masara. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti nan take. Mai asma ma ya yi hattara.

Malam Likita:
Ƙa'ida 1500 mg ne a rana, tare da abinci. A wannan adadin ba ya cika taɓa suga. Duk da haka a riƙa awon suga da safe kafin karin kumallo a makonnin farko. In ya riƙa wuce 1,30 g/l, a ga likita. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya taɓa glucosamine, jini zai ƙara tsinkewa. Wani glucosamine ɗin akwai gishiri ko sinadarin potassium a ciki, mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya karanta kwali. Wata 3 babu sauƙi, a daina, ɓarnar kuɗi ce.

Hajiyar Farmasi:
Ƙari, Malam: chondroitin, wani maganin gaɓoɓi da ake haɗa glucosamine da shi, daga guringuntsin saniya, kifi ko alade yake, a bincika. Ƙwayoyin sanyin ƙashi na 'yan talla a Kasuwar Dole kuwa su suka fi ba ni tsoro. Irinsu wani lokaci dexamethasone ne a ciki, wani magani mai ƙarfi na kashe kumburi: ciwo ya lafa, suga ya hau, fuska ta kumbura.